Wanda Ya Ajiye Igama Ya Dawo Gida Ba Asiri Aka Yi Masa Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun matasanmu, tun daga Sabon Garin Gusau har Tsafe da Bunguɗu. Da zarar an ji wane ya tattaro iyalinsa daga Makka ko Jidda ya dawo ke nan, ko kuwa wani ya mayar wa Amurkawa katinsu na zaman dindindin, sai ka ji ana cewa ai jifa aka yi masa. Wai mu muna neman hanyar fita ido rufe, shi ya samu ya zubar. To 'yan uwa, wannan hukunci an yanke shi ne ba tare da an san abin da takardar ta ƙunsa ba.

Mu fara da igama tunda ita muka fi sani. Igamar da galibin mutanenmu ke riƙe da ita a Saudiyya ba ta dindindin ba ce, ko da mutum ya shekara arba'in yana sabunta ta, domin a rataye take da aiki da kuma kafili, wato maigidan da ya tsaya masa. Ɗan da aka haifa a Makka kuwa, matuƙar ubansa baƙo ne, shi ma baƙo ne. Ta dindindin ta gaske, wadda aka fito da ita a 2019, kuɗinta riyal 800,000 ne, ka ga ke nan ba don irinmu aka yi ta ba. A watan Yulin 2017 hukuma ta ɗora wa baƙi harajin riyal 100 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu, aka yi ta ƙarawa duk shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Yi lissafi da kanka ɗan uwa. Mai mata ɗaya da 'ya'ya shida, riyal 2,800 ke nan duk wata, ga haya, ga cefane. Magidancin da ya dubi wannan ya nemi bizar huruju, wato fita ta ƙarshe, kafin bashi ya mayar da shi mai ɓuyan 'yan sanda a unguwar da aka haife shi, shi ne mahaukaci?

Ba kuma yau aka fara ba. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da cikakkun takardu mako biyu su bar Gana, cikinsu har da Hausawan zango da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ba. Mu ma mun rama a Janairun 1983, zamanin Shagari, har ga jakar nan da muke zuba kaya a cikinta ta gaji sunan korar. Zaman baƙo a hannun mai ƙasa yake, ranar da tukunyarsa ta yi ƙasa da kai zai fara.

Sai dai fa ba ina cewa a ajiye takarda cikin fushi ba ne, don wannan ƙofa ce da idan ta rufe da wuya ta sake buɗewa. A Amurka akwai fom mai lamba I-407, wanda mai katin zaman dindindin ke sa wa hannu ya ce ya haƙura. Ya sa hannu, shi ke nan, in yana son komawa zama sai ya faro daga tushe, alhali tun 2013 aka cire Nijeriya daga cacar bizar da wasu suka samu shiga da ita. Wanda ya yi fiye da shekara a gida ba tare da izinin komawa ba ana ɗauka ya yi watsi da katin, amma ko a filin jirgi aka miƙo masa fom ɗin, ba dole ba ne ya sa hannu, yana da haƙƙin ya nemi a kai shi gaban alƙali. Wanda kuma ya yi niyyar dawowa da gaske, gara ya mayar da katin a hukumance, domin muddin bai yi haka ba hukumar harajinsu tana nan tana bin sa a kan abin da ya samu ko a kasuwar Gusau ne. A Saudiyya ma haka. Bizar huruju kwana 60 ne wa'adinta, kuma ma'aikaci yana da kuɗin sallama, rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Wanda ya ajiye aiki da kansa kafin cika shekara goma ba zai karɓa duka ba. Sau nawa gaggawa take sa mutum ya baro guminsa a hannun kafili?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke tarbar su. Mutum ya baro ƙasar da ake kiransa takari, ya iso ƙasar kakanninsa ana yi wa 'ya'yansa dariya don Hausarsu ta karye. Ya je neman takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma a ce a kawo wanda ya san kakansa. Kuma mu 'yan Sabon Gari ai mun fi kowa sanin wannan ciwo, tunda unguwa ce ta baƙi tun asali, kuma akwai waɗanda aka haifi iyayensu a nan amma har gobe idan ana rabon gurbin karatu sai a tura su jihar da ba su taɓa kwana a cikinta ba. Ga ƙauyen da mai dawowa yake tunanin zai je ya yi noma, a yankin Tsafe ko Bunguɗu, wataƙila 'yan bindiga sun hana shiga gonar.

Saboda haka duk wanda ɗan uwansa ya bugo waya ya ce yana shirin tahowa, kada tambayar farko ta zama ta tsaraba. A tambaye shi ko ya karɓi kuɗin sallamarsa, ko ya biya bashin da ke kansa don kada a tare shi a filin jirgi, ko ya karɓo takardun haihuwa da na makarantar yara da hatiminsu. A nan gida kuma a samu wanda zai raka shi wurin mai unguwa da ofishin katin ɗan ƙasa, a nemo makarantar da za ta karɓi yaron da Larabci kawai yake karantawa, a kuma kama masa ɗaki tun kafin jirginsa ya sauka Kano.