Kafin Ka Sayi Na'urar Gwaji Ta Waya, Tambayi Yadda Take Tare Haske

Ana yawan tallata ƙananan na'urori da ake maƙala wa waya, a ce za su mayar da ita madubin likita. A irin waɗannan tallace-tallace megafiksel ake ta kururutawa. A ganina an bar jaki ana dukan taiki, domin abin da ke raba na'urar kirki da ta banza shi ne yadda take hana hasken da ba a so isa ga kyamara.

Ka san yadda wasu alamomin takardar kuɗi ke ƙyalli idan an haska musu fitilar tantance jabu? Haka gwajin yake aiki. Ana shafa wa samfuri wani rini na musamman, a haska shi da lesa shuɗi, sai rinin ya mayar da haske kore. George Stokes ne ya bayyana wannan sauyin launi tun a 1852. Matsalar ita ce, wannan koren haske ba shi da ƙarfi ko kaɗan idan aka kwatanta da lesan da ya haifar da shi. Lesan kuwa ba ya tsayawa inda aka aike shi: yana dukan gilashi, ya dawo daga bangon na'urar, ƙura ma ta watsa shi. Kaɗan daga ciki ya shiga kyamara, shi ke nan, kamar neman tauraro ne da tsakar rana.

A 2013 tawagar Aydogan Ozcan ta jami'ar UCLA a Amurka ta ɗauki hoton ƙwayoyi masu faɗin nanomita 100, har da ɗaiɗaikun ƙwayoyin bairos, da wayar Nokia 808 PureView. Gaskiya ne kyamarar wayar megafiksel 41 ce, amma ba ita ta yi aikin ita kaɗai ba. Sun harba lesan a karkace sosai, yadda mafi yawansa zai wuce ta gefe bai shiga kyamara ba, sannan suka sa gilashin tace haske da ke tare shuɗi ya bar kore ya wuce. Da an cire waɗannan biyun, megafiksel ɗin nan shuɗin hazo kawai za su ɗauko.

Gilashin tacewa mai kyau, irin wanda ake yi wa lamba OD6, yana rage hasken lesa sau miliyan ɗaya. Yana da tsada, shi ya sa nan ne mai son arha zai fara yanke kuɗi. Sauran dabarun ba su da wahala: a baƙanta cikin na'urar da fenti marar sheƙi, a toshe duk wata kafa, a riƙa goge gilashi.

Wasu za su ce manhaja za ta gyara hoton. Manhaja na iya rage hazo, amma idan haske ya cika idon kyamara har ya maƙure, bayanin ya riga ya ɓace. Mafi muni shi ne ɓataccen haske ya fito kamar ƙyalli, a ce mutum na da cutar da ba shi da ita.

Don haka idan mai talla ya nuna maka hoto mai kyau, ka nemi ya nuna maka na samfurin da babu komai a ciki, da lesa a kunne. Ya kamata hoton ya fito baƙi ƙirin ko kusa da haka. Ka kuma tambayi lambar gilashin tacewar da ke ciki.