Gidan Sauro Ba Koma Ba Ne

Makon jiya uwargida ta dawo daga kasuwar Tudun Wada da ƙullin kifi. Da na kwance, sai na ga 'ya'yan karfasa ne, ko ɗaya bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na ci dai, gama miyar ta yi daɗi, amma abin ya tsaya mini a rai.

Kun san Kogin Kano yana ratsa dajin Falgore kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Sa'ad da nake yaro, masunta na wajen Rurum sukan kawo ragon ruwa wanda sai mutum ya saɓa a kafaɗa. Na daɗe ban ga irinsa ba.

Ina suka tafi? Mu muka cinye su tun suna ƙanana. Tarwaɗa takan jira ruwan farko ya hau kan ciyawa, sa'an nan ta shiga ta zuba ƙwai, a nan kuwa muke tare ta. Akwai irin karfasar da uwar takan riƙe ƙwanta cikin baki, ba ci ba sha, har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama ta a wannan hali, ɗaruruwa ya kashe.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne gidan sauro. An raba shi domin yara su tsira daga zazzaɓi, sai waɗansu suka ɗinke shi suna jan ruwa da shi. Ko ƙwai ba ya tsere masa. Waɗansu kuma suna zuba magimfa ko maganin ƙwari, ruwan da shanu ke sha, da mu kanmu. Dokar ƙasa ta 1992 ta hana su da guba.

A Argungu an hana su a Matan Fada sai lokacin biki, shi ya sa ake fid da giwan ruwa ƙato. Me zai hana sarakunan ruwanmu su rufe bakin rafuffuka watannin farkon damina?

Na ce wa uwargida kada ta ƙara sayen ƙananan. Ta ce to, amma in ƙara kuɗin cefane, gama babban kifi ba na albashin malamin makaranta ba ne. Har yanzu muna kan ciniki.