A Ba Mu Fasto Mai Zama Tare Da Mu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi kira ga shugabannin ikilisiyoyi da kuma 'yan'uwana Kiristocin karkara. Ni manomi ne, ina kuma taɓa cinikin hatsi ranar kasuwa, kuma dattijo ne a wata ƙaramar majami'a ta ƙauye.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rasuwar wata tsohuwa a ikilisiyarmu cikin daminar bana. Ta yi wata biyu a kwance, kullum tana tambaya ko fasto zai zo ya yi mata addu'a. Bai zo ba, sai ranar jana'iza. Ba mugun mutum ba ne, amma a birni yake zaune da iyalinsa. Ranar Lahadi yakan zo a kan babur, ya yi wa'azi, rabi da Turanci, a ƙirga baiko, kafin la'asar ya juya. To, jama'a, makiyayin da ba ya kwana kusa da garke, yaya zai san wadda ta yi ɗingishi?

A da ba haka abin yake ba. Mai bisharar da ya yi mana baftisma a cikinmu ya zauna, gonarsa tana maƙwabtaka da ta mahaifina. Da dare yakan kunna fitila ya koya mana karatu. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, bayan wahalar da su Likita Miller na Zariya suka sha wajen fassara, don talaka ya ji da harshensa. Me zai sa yau a dawo ana yi wa tsofaffinmu wa'azin da ba su fahimta?

Amma fa gaskiya ɗaya ce, mu ma muna da namu laifin. Sau nawa fasto ya yi wata uku bai ga albashinsa ba? Gidan da muka ce ya zauna, rufin yana yoyo. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin zuwa da komawa kaɗai ya isa ya cinye abin da muke ba shi. Shi ma yana da 'ya'ya a makaranta. Ba a cewa kaza ta yi ƙwai alhali an hana ta tsaba.

Saboda haka shawarata uku ce. Na farko, shugabannin gunduma su daina mai da ƙauye wurin horon wanda ya yi laifi ko wanda ba shi da uwa a gindin murhu. A turo wanda ya iya harshen mutane, ya kuma yarda ya tare da iyalinsa. Na biyu, manyan majami'un birni su riƙa tallafa wa albashin fastocin karkara, tunda yawancin masu cika kujerunsu 'ya'yanmu ne da muka rena. Na uku, mu manoma mu ware buhunan masara da dawa lokacin godiyar kaka domin gidan fasto, mu yi masa gayya a gona, ma'aji kuma ya karanta lissafin baiko da zakka a gaban kowa duk wata, don zargi ya kau.

Mu a wurinmu zumuntar mata ta riga ta fara tara kuɗin kwanon rufi. Saura mu maza, saura kuma shugabanni. Allah ya sa wannan kira ya kai kunnen waɗanda abin ya shafa, amin.



Naka,
Wani dattijon ikilisiya daga karkara.