Wai Gaggawa Da Tsari Ba Su Zama Inuwa Ɗaya?

Akwai wata magana da manyan maginan manhajar kwamfuta suka daɗe suna yi, ni kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan. Cewa suke wai wanda ke son ya rarraba manhajarsa sassa-sassa, kowane sashe yana yi wa 'yan'uwansa hidima, lalle ne ya zauna ya zana kome a takarda tun daga tushe har rufi kafin ya taɓa aiki. Wai hanyar gini daki-daki, wadda Turawa ke kira Ajayil, ta yara ce masu garaje.

Bari in bayyana wa mai karatu abubuwan nan biyu. Tsarin hidima shi ne a ware aikin biyan kuɗi dabam, na rajistar suna dabam, na lissafin kaya dabam, kowanne da ƙofarsa da ake ƙwanƙwasawa a nemi abu. Ajayil kuwa, mutum 17 ne suka taru a Snowbird, cikin jihar Yuta ta Amurka, a watan Fabrairu na 2001, suka rubuta ƙa'idodinta. Watau a gina kaɗan, bayan mako biyu ko wata guda a nuna wa mai aiki, a ji kukansa, a gyara, sa'an nan a ci gaba.

To, masu babban zane, ina amfanin zanenku? Hukumar binciken laifuffuka ta Amurka, FBI, ta bi hanyarku. Ta kashe wajen dala miliyan 170 a kan wata manhajar ajiye takardun bincike, a 2005 aka yar da ita ba ta yi aikin kwabo ba. Wadda ta gaje ta ma sai jan ƙafa take yi, har 2010 da aka danƙa ta ga 'yan mutane kaɗan masu aiki daki-daki, suka gama a 2012.

Dubi kuma kamfanin Amazon. Wajen 2002 mai shi, Jeff Bezos, ya ba da umurni kowace ƙungiyar ma'aikata ta yi hulɗa da sauran ta ƙofar hidimarta kaɗai, ba a yarda kowa ya tsallaka katanga ya ɗebi bayanan wani ba. Ya kuma so ƙungiyoyin su zama ƙanana, yadda faifan fiza biyu zai ƙosar da kowacce. Ashe rarrabawar ce ta ba su damar sauri, domin mai gyaran ɗakinsa ba ya jiran izinin dukan gari. Tun 1968 wani masani, Melvin Conway, ya lura cewa tsarin da ma'aikata suka ƙera yakan ɗauko kamannin yadda su kansu suke magana da juna. In an tara mutum ɗari ƙarƙashin zane guda, abin da za su haifa dunƙulalle ne, taɓa gefensa sai duka ya girgiza.

Amma kada 'yan Ajayil su yi murna da yawa, don su ma ina da magana da su. Waɗansunsu sun ɗauka sauri ya halatta musu sāke kome duk sa'ad da suka ga dama. Wannan wauta ce. Cikin ɗaki naka ne, juya shi yadda kake so. Ƙofa kuwa alkawari ce tsakaninka da maƙwabta: abin da za a miƙo maka, da abin da za ka mayar. Ita ce kaɗai ta cancanci a zauna a yi shawara, a rubuta, a kuma riƙa gwada ta kullum da na'ura. In tilas ta sa a canja ta, sai a buɗe sabuwa a gefe, a ba ta lamba, a bar tsohuwar tana aiki har maƙwabci na ƙarshe ya ƙaura.