Magini ya kamata mu fara ceta, kafin gini

A birnin Rum na ƙasar Italiya akwai wani ƙasaitaccen filin wasa na dutse, Kolosiyam, wanda aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya. Mutanen birnin da kansu sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɓamɓarar duwatsunsa suna gina fadoji da majami'u. Girgizar ƙasar 1349 ta zubar da gefe guda, aka kwashe abin da ya zube. Sai a 1749 Fafaroma Benedict na 14 ya ayyana shi wuri mai alfarma. Duk da wannan wawaso yana nan tsaye, ana biyan kuɗi ana shiga kallo.

Na kawo labarin ne saboda masu cewa Turawa sun fi mu kishin kayan tarihi. Su ma sun yi ɓarna son ransu, dutse ne ya yi musu haƙuri. Mu kuwa da jar ƙasa kakanninmu suka yi gini, ita kuma ba ta yafe sakaci. Damina biyu ko uku ba yaɓe, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta ruɓe, shi ke nan.

Ganuwar Kano ta isa misali. Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan UNESCO ta amince da su, amma mai wucewa yau zai ga inda ruwa ya cinye ta, da inda aka yanke ta aka dasa gidaje da shaguna.

Mu dawo gida. Masarautar Kazaure ta kafu a 1819 a hannun Ɗantunku, wanda ya yanki ƙasarsa daga gefen Kano da Katsina da Daura, ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824 ya faɗaɗa ta. Shekara ɗari biyu da 'yan kai ba nan kusa ba ce. Muna kan hanyar da ake bi daga Kano zuwa Rijiyar Kusugu da ke Daura, to me za mu nuna wa baƙon da ya yada zango? A Kazaure da Roni da Gwiwa, har maƙwabtanmu na Babura, duk wanda Allah Ya buɗa wa, abin da yake fara yi shi ne rushe zauren kakansa ya ɗora bulo da kwano. Ban ga laifinsa ba. Yaɓe duk shekara wahala ce, ga shi in ya nemi maginin da zai gyara masa bakan gizo sai ya sha yawo.

Wannan na ƙarshe ya fi damuna. Ginin ƙasa a hannun magini yake rayuwa: wanda ya san ƙasar da za a haƙo, ya san kwana nawa za a bar kwaɓi ya ruɓa da ciyawa, ya iya murza tubali, ya iya haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa, ya iya tsayar da zanko a saman katanga. Muhammadu Durugu, da ake kira Babban Gwani, da irin wannan sani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, har yau ɗaliban zanen gine-gine suna zuwa kallon yadda ya ɗaure rufinsa. A Jenne ta ƙasar Mali, masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne don duk shekara gari na fitowa ƙwai da ƙwarƙwata a yaɓe shi, magina suna gaba. Agadas ma haka ta riƙe hasumiyarta mai tsawon mita 27, ta shiga jerin UNESCO a 2013.

Namu gyaran kuwa sau da yawa kwangila ce. A lafta siminti a kan katangar ƙasa, a shafa fenti, a yanka kintinkiri. Siminti ba ya barin ƙasa ta sha iska. Danshi ya taru a ciki, wata rana ɓawon ya ɓalle ya tafi da rabin katangar.

Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a nan Kazaure. Ya kamata majalisar masarauta ta sa hakimai su tattaro sunayen dattawan maginan da suka rage, kwalejin ta ɗauke su su koyar, a biya su kamar kowane malami ko da ba su da takarda. A kuma ware tsofaffin soraye ko da biyar ne, ɗalibai su riƙa yaɓe su kafin ruwan farko.