Maraɗi: Rikicin da ke tashi idan mai gida ya toshe wa wasu ma'aikata intanet, ya bar wa wasu

Tun da Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar cikin watan Maris na 2025, bayan yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu da kamfanin a ƙarshen Oktoban 2024, farin farantin nan ya zama abin da ido ya saba gani a kan rufin shaguna da ofisoshi a Maraɗi. Kafin nan ma wasu sun riga sun shigo da shi ta Ɗan Issa daga Najeriya, inda ya fara aiki tun Janairun 2023. Ga ƙaramin ɗan kasuwar da ya gaji da sayen forfe a Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms, layi ɗaya da zai ɗauki shago duka sauƙi ne babba. Sai dai sauƙin ya zo da tambayar da da can manyan ofisoshin Yamai kaɗai ke fama da ita: cikin masu hawa layin, wa za a bar wa ƙofa a buɗe, wa za a rufe wa?

A ɗauki misalin wurin buga takardu da fotokofi irin waɗanda ke kewaye da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Akwai kwamfutar mai gida, da ta mai karɓar kuɗi, da biyu na masu buga rubutu, sannan wayoyin yaran shago, da na abokansu, da ta maƙwabcin da aka taɓa bai wa lambar sirri sau ɗaya bai sake mantawa ba. Da rana tsaka ɗalibi ya zo yana son a sauke masa takardar da zai miƙa kafin a tashi, layi ya yi nauyi, aka duba sai ga wayoyi uku suna kan TikTok. Abin da ke fara zuwa wa mai gida shi ne ya kira mai gyara ya ce: rufe wa waɗannan, ka bar wa waɗancan.

Ana iya yin haka, kuma kayan aikin ba su da wuyar samu. Na'urar rarraba intanet da ke zuwa tare da farantin ba ta da zaɓi mai yawa, shi ya sa masu sana'ar Wi-Fi Zone a unguwanni irin Zariya da Ali Ɗan Sofo suka fi jona ta da MikroTik, ƙirar wani kamfanin ƙasar Latbiya. Da ita ake buga tikitin awa ɗaya ko na yini ko na mako, kuma da ita ɗin ake iya raba masu amfani rukuni-rukuni: wannan a ba shi gudu kaza, wancan a yanke masa da ƙarfe kaza, wancan kuwa a hana shi wasu shafuka. Fasahar da ke sayar wa matasan unguwa tikiti ita ce ke shiga ofis ta zama bulala.

Matsalar farko ita ce gane mutum. Na'ura ba ta san Sani ko Hadiza ba, lambar da ke jikin waya ko kwamfuta ta sani, wadda ake kira adireshin MAC. Shekarun baya ya isa a rubuta lambar wayar yaron shago cikin jerin waɗanda aka hana. Amma tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi na nuna lambar aro maimakon ta ainihi, kuma mai waya na iya sauya ta daga saituna cikin minti ɗaya. Duk wanda ya gina shingensa a kan wannan lamba ya gina shi a kan rairayi. Abin da ya fi riƙo shi ne kowa ya shiga da sunansa da lambar sirrinsa, ko kuma a raba layin gida biyu ko uku, kowanne da sunansa da dokarsa.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ciwon kai. Yawancin toshewar da ake yi a ƙananan ofisoshi a kan sunan shafi take: waya ta tambayi ina adireshin YouTube yake, na'ura ta ƙi ba ta amsa. Wayoyin yanzu kuwa na iya aika wannan tambaya a rufe zuwa wani wurin dabam, ta wuce na'urar ba tare da ta karanta ba. Idan mai gyara ya ce to bari ya toshe adireshin kamfanin gaba ɗaya, sai wata ɓarnar ta fito. Facebook da Instagram da WhatsApp duk na Meta ne, hanyoyinsu a cuɗe suke, haka YouTube da Gmail a wajen Google. Wanda ya kai wa Facebook sara ba da lura ba yana iya wayar gari WhatsApp ɗin da ake karɓar odar kaya da shi ya daina sauke hoto. A Maraɗi, inda ciniki tsakanin babbar kasuwa da Katsina da Kano ke tafiya a kan saƙon murya da hoton rasit, wannan asara ce ta kuɗi tsagwaronta.

Sai kuma VPN, wanda matasan yankin ba sa buƙatar a koya musu. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, dabarar ta bazu a wayoyin mutane kamar wutar daji, kuma abin da ya shiga Katsina da safe yana Maraɗi kafin la'asar. Yaron da aka toshe wa TikTok zai sauke VPN na kyauta ya ci gaba da kallonsa, mai gida yana ganin layi na nauyi ba ya ganin dalili. Abin takaicin shi ne irin waɗannan manhajoji na kyauta ba duka ne masu amana ba, don haka toshewar da aka yi da sunan tsaro tana iya ƙarewa da shigo da abin da ya fi wanda aka guda haɗari.

Duk da haka ba za a ce masu gida ba su da hujja ba. Wurin da ake aika kuɗi ko karɓarsu, irin reshen da ke aiki da NITA ko Amana ko Al Izza, kwamfutar da ke riƙe da lissafi bai kamata ta zama wurin sauke fina-finai da wasanni ba. Mahaɗi ɗaya na yaudara da aka latsa ya isa ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. A irin wannan kwamfuta tsarin da ya dace shi ne a rufe komai a buɗe shafukan aiki kaɗai, kuma wannan tsari ya fi sauƙin tsarewa fiye da bin shafukan nishaɗi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda kullum sababbi ke fitowa. Bambancin da ke nan shi ne kujerar aka taƙaita, duk wanda ya zauna a kanta dokar ta hau kansa, ko da ɗan mai gida ne.

Akwai kuma tsoron doka, wanda ba kasafai ake faɗarsa a fili ba. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Yulin 2019 ta tanadi ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta hanyar lantarki. An cire ɗaurin a 2022, sannan a Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan dokar da ta maido da shi: shekara ɗaya zuwa uku a kan ɓata suna ko zagi, biyu zuwa biyar a kan yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a, ga tara ta miliyoyin sefa. Mai shagon da sunansa ke kan takardar layin yana da dalilin fargabar abin da wani zai wallafa daga ƙarƙashin rufinsa. Amma idan aka duba da kyau, toshe wa yara biyu Facebook ba ya maganin wannan fargaba. Wasu daga cikin maganganun da ke jawo wa mutane kira a ofishin 'yan sanda a zaurukan WhatsApp ake yin su, WhatsApp kuwa shi ne abin da babu ɗan kasuwar da zai yarda ya rufe.

A nan ne wasu ke zarcewa daga toshewa zuwa leƙe. Ya kamata ma'aikaci ya san iyakar abin da mai layi ke iya gani. Yana iya ganin sunan shafin da aka shiga, da lokaci, da yawan data da aka ci. Ba ya iya karanta abin da ke cikin shafin da ke da kariyar HTTPS, ba ya kuma iya buɗe saƙon WhatsApp, wanda tun 2016 yake a kulle daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Sai dai sunan shafi kaɗai ma yana tona asiri: wanda ya shiga shafin neman aiki, ko na bayanin wata cuta, ko na neman biza, an san abin da ke ransa. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda ta kafa hukumar HAPDP, aka kuma sabunta ta a Disamban 2022, kuma ginshiƙinta shi ne a sanar da mutum idan ana tattara bayanansa. 'Yan ƙasa da ke aiki a Turai za su iya tuna hukuncin Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai na Satumban 2017, a shari'ar wani injiniya ɗan Romaniya mai suna Barbulescu, wanda aka kora bayan an bibiyi hirarsa ta Yahoo Messenger. Kotun ta ce an take masa haƙƙi, musamman saboda ba a sanar da shi tun farko irin sa idon da za a yi masa ba. Hukuncin ba ya aiki a Maraɗi, amma tambayar da ya tayar tana aiki a kowane shago.

Abin da ya fi cin rai a wannan lamari shi ne yadda ake zaɓen waɗanda za a toshe wa. Sau da yawa layin yana bin matsayi: mai gida da 'ya'yansa a buɗe, akawu rabi da rabi, yaran shago da masu koyon sana'a a rufe. Alhali su ne suka fi buƙatarsa. Mai koyon gyaran waya a YouTube yake ganin yadda ake buɗe sabon samfuri ba tare da an fasa gilashi ba. Yarinyar da ke koyon ɗinki a TikTok da Instagram take ganin yayin da kwastoma za ta zo da hotonsa gobe. Ga yaron da ba a biyansa sai kuɗin abinci, Wi-Fi ɗin shago wani ɓangare ne na ladansa, ko da ba a taɓa faɗa ba. Ranar da aka yanke masa shi babu bayani, abin da zai fahimta shi ne ba a yarda da shi ba.

A wajen birni abin ya fi tsanani. A Tibiri, ko a Jiratawa inda manoman rani ke neman farashin zogale da sauran kayan lambu ta waya, layin ofishin ƙungiya ko na kantin magani yana iya zama mafi ƙarfi a duk kewayen. Wanda aka cire daga kansa ba lallai ne yana da kuɗin forfe ba. Mutanen da suka ga yadda aka yanke intanet na wayar salula kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021 sun san ɗanɗanon a rufe wa mutum baki ba tare da an tambaye shi ba, kuma ba sa buƙatar a maimaita musu shi a wurin neman abincinsu.

Idan nauyin layi ne damuwar, rage gudu ya fi toshewa amfani. Na'urar da ke iya hana shafi tana iya ba kwamfutocin aiki fifiko, ta ware wa wayoyi kaso ƙayyadadde a layin baƙi, ta sake musu mara bayan an tashi ko lokacin hutun azahar. Bidiyo zai yi ta tsayawa a lokacin aiki, saƙo zai wuce, kuma babu abin da VPN zai ƙara wa wanda gudunsa aka rage. Takarda ɗaya a manne a bango, mai faɗin abin da aka rufe da dalili da abin da ake ajiyewa na bayanai, tana rage rabin gunaguni.

Ga 'yan ci-rani da ke Abijan ko Legas ko Jidda, waɗanda su ne suka sayi farantin suka aika gida aka buɗe shago, akwai tambayar da ta fi ta TikTok muhimmanci: a hannun wa mabuɗin na'urar yake? A shaguna da yawa mai gyaran da ya haɗa ta shi kaɗai ya san lambar shiga, wani lokaci ma lambar da ta zo da ita daga kamfani ce ba a sauya ba. A 2018 wata kafa da aka gano a manhajar Winbox ta MikroTik ta bai wa masu kutse damar shiga na'urori sama da 200,000 a duniya, akasarinsu waɗanda ba a sabunta ba ko da yake kamfanin ya riga ya fitar da gyara. Wanda ke riƙe da wannan mabuɗi yana ganin jerin shafukan kowa, har da na mai gida, yana kuma iya sayar da tikiti a kan layin da ba nasa ba, alhali sharuɗɗan Starlink sun hana sake sayar da layin gida ba da izini ba.