KETA A ƘWALLON YARA: SHIRUN ALƘALI KE KARYA ƘAFA

Duk wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 a nan Ikko, ko kuma Sabon Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, ya san cewa da zarar an ba da hutun makaranta, ko an sauko daga Idi, to gasar ƙwallon ƙafa ta yara ta tashi ke nan. Wani attajiri ko ɗan siyasa zai sa kofi, samarin unguwa su share fili, a kafa raga, a yi hayar lasifika. Wannan abu ne mai kyau, gama yana raba yaranmu da zaman banza, yana kuma haɗa su da 'ya'yan mutanen garin da muke zaune a cikinsa. Amma akwai wata ɓaraka da ta daɗe a wasannin nan wadda ya kamata mu tsaya mu duba, watau yawan keta da kuma sakacin alƙalan wasa.

Kwanan baya na tsaya kallon irin wannan wasa a wani fili, gasar da aka ce ta 'yan ƙasa da shekara 15 ce. Akwai wani ɗan siririn yaro mai gudu kamar barewa, ubansa mai sayar da albasa ne a kasuwa. Mai tsaron bayan da aka sa ya riƙe shi kuwa har gemu ya fara fito masa. Sau uku yana kwashe yaron nan ta baya, sau uku alƙali yana yarfa hannu yana cewa a ci gaba. A karo na huɗu sai muka ji ƙas. Aka ɗauki yaro a Keke Marwa, aka nufi gidan mai ɗori da shi. Kafin a ce haka 'yan kallo sun cika fili, an bar zancen ƙwallo an koma ambaton ƙabila. Allah ya taimaka akwai dattawa a wurin, na wannan gefe da na wancan, su suka kashe wutar.

Mutane sun watse suna la'antar yaron da ya yi ketar. Mu dai a namu ganin, ƙafar nan tun a taɗiyar farko ta fara karyewa, lokacin da mai usur ya gani ya kau da kai. Yaro yana gwada alƙali ne kamar yadda yake gwada malamin aji. In ya yi ta farko ya sha, ta biyu sai ta fi ta farko muni.

ABIN DA DOKA TA CE

Masu cewa ai ƙwallo wasan maza ne, sai a daure, ba su karanta dokar wasan ba. Doka ta 12 cikin dokoki 17 na ƙwallon ƙafa ta kasa keta kashi uku. In ɗan wasa ya yi ganganci kawai wajen neman ƙwallo, bugun tazara za a ba abokan karawarsa. In ya afka wa mutum bai damu da abin da zai same shi ba, sai a ɗaga masa katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa. In kuwa ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, har ya jefa lafiyar ɗan'uwansa cikin haɗari, to jan kati ne, ko ta gaba ya zo, ko ta gefe, ko ta baya, ko da kuma ya taɓa ƙwallon. Haka nan wanda ya yi ta maimaita ƙananan laifuffuka, doka ta ce a yi masa gargaɗi. Ita ma damar nan da ake ba alƙali ta ya bar wasa ya ci gaba in tsayarwa za ta cuci wanda aka yi wa laifi, an gindaya mata sharaɗi: ba a yin ta a kan muguwar keta sai fa in cin ƙwallo ya zo ƙiri-ƙiri. Babu inda aka ce a sassauta don yara ne ke wasan.

Dokokin nan wahala ce ta haife su. A gasar cin kofin duniya ta 1966 a Ingila, 'yan wasan Bulgeriya da na Fotugal sun yi ta dukan Pele na Barazil har ya ƙarasa wasa yana ɗingishi, ba a kori kowa ba, kuma aka fitar da Barazil tun a zagayen farko. A wannan gasa ce kuma wani alƙali Bajamushe ya kori Rattin, kyaftin ɗin Ajantina, a wasansu da Ingila, shi kuwa ya tsaya yana gardama na tsawon mintoci, ga shi ba sa jin harshen juna. Daga nan wani tsohon alƙali Bature mai suna Ken Aston ya kawo shawarar a kwaikwayi fitilar ba da hannu ta kan titi, aka fito da kati mai ruwan ɗorawa da ja, aka fara aiki da su a gasar 1970 a Meziko. A 1998 kuma aka ƙara tsananta hukuncin kwashe mutum ta baya. To, in manya masu likitoci da inshora sun ga suna bukatar wannan kariya, ina ga ɗan mai albasa? Kati kuwa ya dace da filayenmu ƙwarai, inda ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe da ɗan Ibo ke wasa tare, domin ja ba ya bukatar tafinta.

ME YA SA ALƘALI KE KAU DA KAI?

Kada mu ɗora wa mai usur laifin duka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yawancin masu hura wasannin unguwa samari ne da ba su taɓa zama ajin koyon alƙalanci ba, abin da suka sani daga talabijin suka gani. Ladan da ake ba su bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa wanda ya sa kofin shi ne mai biya, shi ne kuma mai ɗaya daga cikin kulob-kulob ɗin da ke gasar. Wa zai ɗaga wa yaron maigidansa jan kati?

Sai kuma tsoro, wanda ya fi kome. Filin unguwa ba shi da shinge, ba shi da ɗan sanda, 'yan kallo a kan layi suke tsaye, wasu ma sun sa kuɗi a kan wasan. Alƙali ya san in an tashi ta tsakiyarsu zai bi ya tafi gida. Ko a babbar gasar ƙasar nan an sha dukan alƙalai a filayen da ke da katanga da jami'an tsaro, balle a fegin da ke bayan kasuwa. Don haka sai ya zaɓi zaman lafiyarsa, ya sa katinsa a aljihu. Ga kuma masu koyar da yaran, waɗanda za ka ji suna ihu daga gefe cewa in ƙwallo ya wuce kada mutum ya wuce. Yaron da aka koya wa haka tun yana shekara 12, da wuya ya bari in ya girma.

ƘATTI A CIKIN YARA

Babban abin da ke ƙara wa ketar nan haɗari shi ne ƙaryar shekaru. Nijeriya ta ci kofin duniya na matasa sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, abin alfahari ne. Amma kuma a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da ƙasar nan shekara biyu daga wasannin da ake ƙayyade shekaru, saboda saɓanin da aka samu a ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, har ta rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta 1991. Tun daga 2009 FIFA ta shigo da ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI don gane shekaru. A 2016 'yan wasa 26 na ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi wannan gwaji ana gab da karawa da Jumhuriyar Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da mu. In haka ta faru a sama, inda ake bincike, sai mai karatu ya ƙiyasta abin da ke faruwa a unguwa, inda ba mai tambayar takardar haihuwa.

Abin da na'urar nan ke dubawa shi ne ainihin abin da ya kamata iyaye su sani. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi mai taushi, ta nan ƙashi ke ƙara tsawo, kuma ba ya haɗewa ya yi ƙarfi sai yaro ya kusa gama girma. Wannan wuri ya fi sauran ƙashin rauni. In karaya ta bi ta kansa, a gwiwa ko a idon sawu, ba a kuma gyara daidai ba, ƙafar na iya karkacewa ko ta gajarce har abada. Saboda haka in ƙato ɗan shekara 20 ya faɗa wa ɗan shekara 14, ba ƙarfi ɗaya suke gwadawa ba. Shi ya sa muke roƙon iyaye, in irin wannan ta faru a fara kai yaro asibiti a ɗauki hoton ƙashin tukuna, kafin a yi maganar ɗori.

ABIN DA YA SHAFE MU MUSAMMAN

Mu da ke zaune a Kurmi muna da wani dalili na daban. Rikicin Mile 12 na 2016 da na kasuwar Shasha a Badun na 2021 duka daga 'yar hatsaniya tsakanin mutane kaɗan suka faro, amma aka yi asarar rayuka da dukiya. Filin ƙwallo na tara samari ɗaruruwa masu zafin jini, kowa da nasa gefe. Ketar da alƙali ya hukunta nan take ta mutu a fili. Wadda ya ƙyale kuwa, 'yan kallo ne za su ɗauki hukuncinta a hannunsu, kuma ba wanda ya san inda za ta tsaya.

INA MAFITA?

Da farko, duk gasar da za a yi da sunan unguwa, ya kamata Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa su zauna da masu shirya ta da kuma sarakunan garin tun kafin a buga wasan farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. A nemi alƙalai daga ƙungiyar alƙalan wasa ta jiha, a tara ladansu a hannun kwamiti, kada ya fito daga aljihun mai kulob. A ja igiya tsakanin 'yan kallo da layi, a sa dattawa daga kowane gefe su zauna a wurin, su raka alƙali in an tashi. Wanda ya taɓa alƙali a kori kulob ɗinsa daga gasar baki ɗaya.

Na biyu, a tantance shekaru da takardar haihuwa da ta makaranta, kuma kwamiti ya sami ikon hana duk wanda girman jikinsa ya nuna haɗari ne ga sauran. Na uku, a tilasta sa abin kare ƙwauri, wanda doka ta wajabta tun 1990, a kuma duba ƙusoshin takalma kafin a shiga fili. Yaron da ya bugu a kai har ya ga jiri, a fitar da shi, kada ya koma ranar.

Akwai kuma wata dabara da za ta taimaki alƙali mai jin nauyin korar yaro. Tun 2017 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta yarda a wasannin yara da na unguwa a riƙa fitar da mai laifin gargaɗi na ɗan lokaci, kamar minti goma, ya huce sannan ya dawo. Ingila ta fara aiki da wannan a ƙananan wasanninta a 2019 kan masu yi wa alƙali gardama. Hukumar ƙwallo ta ƙasa ce ke da ikon amincewa da shi a nan, kuma ya dace masu shirya manyan gasannin yara, irin su Kofin Ramat da ake yi a Kano da Kofin Shugabannin Makarantu na Ikko, su matsa a kan haka. Amma fa wannan ba ya maye gurbin jan kati ga mai muguwar keta.

Daga ƙarshe, uban da ke sayen takalmin ƙwallo ya kamata wata rana ya bar rumfa a hannun yaronsa, ya je ya ga inda ɗansa ke wasa, da wa yake wasa, kuma wa ke riƙe da usur. Allah ya kare mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.